Wankan Jego ta Intanet

Litinin, 3 ga Maris, 2003

Wasiƙar 'yar farina ta iso daga Malesiya, bayan sati biyar a hanya. Watan haihuwarta Afrilu. Ba za ta zo gida ba, karatun mijinta Ɗayyabu bai ƙare ba. Haihuwar fari a ƙasar da babu uwa, babu gwaggo. Wa zai dafa mata ruwan wanka? A ƙasan takardar ta rubuta wani adireshi, wai in riƙa aika saƙo ta intanet. Allah ya sawwaƙe. Na san abin da aka ce samari na kallo a shagunan intanet ɗin nan.

Asabar, 8 ga Maris

Rakiya ta zo. Tun muna sakandare bakinta ba ya hutawa, yanzu kuma da take buga takardu a sakatariya sai abin ya ƙaru. Ta ce, "Murja, in kin rubuta wasiƙa yau, sai an yi suna za ta isa. Zauna nan da wa'azinki."

Na ce ta faɗa mini asalin abin tukuna, ba na shiga abin da ban san tushensa ba. Wai a Amurka aka fara, shekara talatin da 'yan kai, da kuɗin ma'aikatar tsaronsu. Kwamfuta huɗu kacal aka fara haɗawa, malaman jami'a na aika wa juna bayani. Daga nan aka yi ta ƙullawa har ta game duniya. Saƙo kuma yanka shi ake yi gutsi-gutsi, kowane ya bi hanyarsa, a can su haɗu. Na ce to in wani gutsuren ya ɓata fa? Ta ce sai a sake turo shi. Wannan kam hankali ne, ban dai faɗa mata ba.

Laraba, 12 ga Maris

Malam ya ba ni izini. Mun je. Shago ne ƙarami a hanyar sakatariya, an sa labule an ware wa mata kwamfuta biyu. Ban ga abin assha ba, amma ban daina dubawa ba.

Rakiya ta ƙi buga mini. Wai in koya. Sai ga shi, da sunan yarinyar adireshin ya fara. Shekara ashirin da uku bakina bai taɓa kama sunan nan ba, haka uwata ta yi da ni. Na ce ta buga wannan kaɗai. Ta naɗe hannu. "Adawiyya ce dai, ke kika haife ta. Na'ura ba ta san kunyar 'yar fari ba." Da yatsa ɗaya na danna, harafi takwas. Gumi har cikin hijabi.

Na rubuta: ruwa ya tafasa sosai, safe da yamma, kwana arba'in. A nemi ganyen darbejiya. Kunun kanwa. Ban da ruwan sanyi. Ban da yawo. Kafin lokacin ta riƙe salla da azkar.

Alhamis, 13 ga Maris

Har ta amsa. Kwana ɗaya!

Akwai darbejiya a can, babu kanwa. A ƙarshe ta ce, "Umma, tsoro nake ji." Na rubuta mata cewa tsoro ba na mumini ba ne. Na aika. A hanya na yi ta jin kamar in koma in karɓo shi. Rakiya ta ce ba a karɓowa.

Litinin, 7 ga Afrilu

Layi ɗaya daga Ɗayyabu: sun tafi asibiti, a yi addu'a.

Talata, 8 ga Afrilu

Babu wuta, injin shagon ya lalace. Na tsaya a bakin ƙofa kamar mai jiran mota. Da dai abin da na rubuta mata na ƙarshe ba faɗa ba ne.

Laraba, 9 ga Afrilu

Shiru. Na ƙona miya.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Alhamdu lillahi. Mace. Aiki aka yi wa uwar, amma ta tashi. Ɗayyabu ya haɗo da hoto. Daga sama yake sauka, kaɗan-kaɗan: bango, sai ɗankwali, sai goshinta, can sai idanu. Ta rame. Kafin a kai ga jaririyar na riga na jiƙa bakin hijabina. Rakiya ta miƙo mini hankicinta.

Na rubuta ta bar wankan ruwan zafi sai likita ya yarda. Ni da kaina na rubuta haka. Sai na ƙara cewa ni ma na ji tsoro ranar da na haife ta, har na riƙe zanen ungozoma na ƙi saki. Ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Asabar, 12 ga Afrilu

Na je ni kaɗai, Rakiya na Miga wajen biki. Ba wani abu ba ne, naɗin da suka yi wa jaririyar ne bai yi ba, kunnuwa duk a waje. Dole a faɗa musu. Litinin ma zan leƙa, in ga ko sun gyara.