Rakiyar Motar Tomonori

Komoro, farkon Satumba

Zuwa ga Yayata Tokiko,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigida da jikoki. Yaya gwiwar? A nan zafi ya fara sauka, tuffa ta soma ja a gonar maƙwabta. Busasshen kifin da kika aiko ya iso. Na gasa, na fara ajiye wa marigayi ɗanmu Tomo nasa a gaban hotonsa kafin mu ci, kin san yadda yake son na garinku.

A waya kin tambaye ni Genzo, na ce lafiya lau, don yana zaune kusa da ni. A takarda zan iya faɗa miki. Tun ranar da ƙaramar motar aikin ɗanmu ta zame kan ƙanƙara a kwanar da ke saman gadar ƙarfe ta faɗa kwari da shi, mijina bai ƙara ɗaga ƙofar gareji ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a ƙarƙashin motocin mutane yana gyara, yanzu ko tsallaka titi ba ya son yi. Ita kuwa Zetto tana ciki a lulluɓe. Kin tuna ta, tsohuwar Datsun ɗin nan mai launin ruwan lemo da dogon hanci, wadda Tomo ya kai ki tasha a cikinta kika ce kamar an zaunar da ke a ƙasa. Shi da ubansa suka ɗinke ta daga gangar jiki mai tsatsa, tun yana makarantar sakandare.

Shekaranjiya Hagiwara ya zo, shugaban ƙungiyarsu ta masu tsofaffin motoci. Ya kunna turare gaban hoton, ya daɗe a durƙushe, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Babban taronsu na kaka yana nan a wata mai zuwa, a filin ajiye motoci na bakin tafki. Suna da al'ada, in ɗayansu ya rasu sai a yi wa motarsa rakiya. Ita za ta shige gaba zuwa saman dutse, wani na jininsa yana tuƙi, a ɗora hoton mamacin a kujerar gefe a ɗaure masa bel. Sauran su biyo baya da fitilu a kunne, su ba da tazara, kuma ba mai wuce ta ko da tafiyar kunkuru take yi.

Ya ce wa Genzo, "Baba, in ba za ka iya ba, ni sai in tuƙa. Ba dole."

Genzo ya ce, "Kai? Kai da kake sa giya kamar mai dakan shinkafa? Yaron zai tashi ya mare ka."

Suka yi dariya. Yaya, dariyarsa ta farko ke nan tun sanyin da ya wuce. Na gudu kicin na yi kukana a can.

Hanyar rakiyar ta wannan kwanar take bi.

Ki gaida kowa. Ki riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi.

Taki ƙanwa,
Fusae

Komoro, ƙarshen Satumba

Yayata Tokiko,

Ina gaishe ki da kyau, ina tambayar lafiyarki da ta mutan gida. Na ji an yi iska mai ƙarfi a bakin tekunku, ina fata ba ta taɓa rufinku ba.

Kin ce in gode, tunda Genzo ya dawo cikin hayyacinsa. Ina godiya. Yana cin kwano biyu yanzu. Da safe sai in ji ƙarar sufana a gareji, har da 'yar waƙa. Ya gyara ƙofar banɗaki da na shekara ina yi masa mita a kanta. Ya hau rufi ya share indararo. Jiya ya kira ni ya ce in zuba wa murhun ɗumama ɗaki kananzir da hannuna yana kallo. Na ce ai ba a fara sanyi ba, kuma aikinsa ne tun aurenmu. Ya ce, "Koya dai, Maman Tomo, hannu ba ya ƙin ƙarin sana'a." Ya sa na maimaita har sai da na daina zubarwa.

Lahadin da ta wuce ya ce in raka shi ƙaramin zaman da suke yi na wata-wata. A bas muka je, da kwali a cinyarsa. Kin san yadda wurin yake: motoci a jere hancinsu na kallon tafki, an ɗaga boneti, tsofaffi masu furfura sun sunkuya suna leƙen inji kamar masu duban jariri. Ko'ina ƙamshin fetur da kofi. Tajima mai shagon shinkafa yana goge farar motarsa da tsumma mai laushin da bai taɓa saya wa matarsa irinsa ba, shi da bakinsa ya faɗa.

Genzo ya buɗe kwalin. Sitiyarin katako na Zetto ne a ciki, da madubai biyun nan na kan hanci, da tambarin ƙarfe na baya, da rediyonta. Duk na asali, tun daga masana'anta. Tomo ya yi shekaru yana yawon kasuwannin tsofaffin kaya kafin ya haɗa su, madubin hagu har tsibirin kudu ya je nemansa. Ba a ƙera su kuma, in ɗaya ya fashe ya tafi ke nan.

Ya miƙa wa Tajima madubai. Tajima ya ja da baya yana cewa, "Haba Baba, wannan ai ya fi ƙarfina."

"Karɓi, naka sun yi kama da cokalin miya. Kunya nake ji in ka faka kusa da mu."

Hagiwara ya samu sitiyari. Ya riƙe shi da hannu biyu, ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa katakon. Kowa ya ɗauka rabon kayan mamaci ne irin wanda ake yi wa abokai don tunawa. Ni ma haka na ɗauka. Har na ji daɗi da na ga manya-manyan maza suna share ido.

Sai da muka dawo na leƙa gareji. Ya ɗaura wa Zetto baƙin sitiyarin roba da madubai na wata motar banza. Ta koma kamar amaryar da aka cire wa kayan ado. Na tsaya ina kallonta, sai na ji sanyi a bayana, ban san dalili ba.

Ki yi mini addu'a in kin je haikali.

Ƙanwarki,
Fusae

Komoro, Oktoba

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya.

Na gane abin da ya sa ni jin sanyin nan. Ina wanke shinkafa ya faɗo mini. Na zauna da mutanen nan biyu, uba da ɗa, tsawon rai, na san halinsu. In taro ya matso, ƙara wa mota ado ake yi. Tomo har buroshin haƙori yake sa wa tambarin nan. Ba wanda yake tuɓe mota ya kai ta gaban jama'a a ranar da duk idanu ke kanta. In rabon tunawa ne, ai sai a bari a gama rakiya, ta fita cikin kyanta, sannan a raba.

Genzo yana iya rabuwa da komai, amma ba zai iya ganin kayan asali sun farfashe ba. Ya taɓa kwana biyu bai ci abinci ba saboda wani ya jefar da tsohuwar fitila. Ya cire su ne don kada su lalace, Yaya. Ya san inda motar za ta. Kuma al'adarsu ta share masa hanya: ba kowa a gabansa, na baya sun ba da tazara, ba mai wuce shi.

Na je shagon tayar Hagiwara. Na rasa ta inda zan fara, irin maganar nan ba ta fita daga baki. Na ce ko zai karɓi tuƙin, Baban Tomo ya tsufa. Ya kawo mini shayi, ya ce, "Mama, kada ki damu. Tsohon nan ya fi mu duka hannu. Ba ki ga yadda ya farfaɗo ba? Rakiyar nan ce maganinsa. In muka ƙwace masa, mun kashe shi." Na ce kayan da ya raba fa? Ya ce, "Karamci ne irin na mutanen da." Ya rako ni har bakin titi yana ta sunkuyawa. Mutumin kirki ne. Sitiyarin yana rataye a bangon shagonsa, ya yi masa gidan gilashi.

Genzo kuwa na tambaye shi muna cin abincin rana, na ce me ya sa bai bari sai bayan taro ba. Ya ɗaga kwanon miya ya rufe fuskarsa da shi, ya shanye, ya ce miso ɗin bana, daddawar miyar nan, ya yi daɗi. Daga nan ya tashi ya je ya wasa mini wuƙaƙen kicin duka.

Na yi tunanin kiran likita ko 'yan sanda. In ce musu me? Mijina yana cin abinci, yana waƙa, yana yi wa abokai kyauta?

Jiya ya ta da injin a karon farko. Gilashin tagogi ya ɗauki rawa, hoton Tomo ya motsa a mazauninsa. Na fita na same shi zaune a ciki, hannu a kan sitiyarin roba, yana kallon bangon gareji da fuska a sake, irin ta wanda ya gama shirya kaya yana jiran jirgi.

Lahadi ne taron. Na binne ɗa a bana, ba zan iya na biyu ba. Ban san abin da zan yi ba tukuna. Kada ki taso, gwiwarki ba za ta ɗauki tafiyar ba.

Fusae

Komoro, bayan taro

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyali. Na san kin ƙagu, shi ya sa zan fara da wannan: muna nan mu biyu, da ranmu.

Hazo ya rufe tafkin da safen taron. Motoci sun cika filin, wasu daga garuruwa masu nisa, ja da fari da shuɗi, mutane na yawo tsakaninsu da kyamara. Wani baƙo ya tsaya gaban Zetto ya ce wa abokinsa, "Kash, an ɓata ta da madubin banza." Genzo ya ji, ya yi murmushi kawai.

Da lokaci ya yi aka rufe boneti, kowa ya cire hula. Ni ce mai kai hoton kujerar gefe. Na buɗe ƙofa, na ga ya shimfiɗa farin ƙyalle a wurin. Har zuwa lokacin ban yanke komai ba. Ƙafafuna ne suka shiga. Na zauna, na ɗora hoton a cinyata, na ja bel na ɗaure mu tare.

Hagiwara ya sunkuyo ta taga, ya ce a hankali, "Mama, yi haƙuri, kujerar ta Tomo ce."

Na ce, "Ni na goye shi. Ba zai ƙi zama a cinyata ba."

Ya ja da baya. Genzo bai dube ni ba. Ya ce, "Fita."

"Ba na fita."

"Fusae."

Na manta rabon da ya kira sunana. Na ce, "Ana jiran ka, Baban Tomo. Ta da mota."

Muka kama hawa. Ganyen dutse ya yi ja, hanya a jiƙe. Da farko a hankali yake tafiya, ina ganin fitilun na baya a madubi kamar carbi. Da muka doshi gadar ƙarfe sai kukan injin ya canza. Bayana ya manne da kujera. Fitilun suka ƙanƙance, suka ɓace. Na hango kwanar, da wurin da ƙarfen shingen bakin hanya ya fi sauran haske don sabo ne. Ban yi ihu ba. Na ɗora hannuna a kan nasa a bisa giya, na ce, "In tafiya ce, mu uku ne."

Ban san tsawon lokacin ba. Na dai ji bel ya shaƙe ni, gilashin hoton ya tsage a hannuna, taya na kuka. Da muka tsaya, in na miƙa hannu ta taga zan taɓa shingen.

Ya kifa kansa a sitiyari. Wani sauti ya fito daga ƙirjinsa wanda ko ranar jana'iza ban ji ba.

Sauran suka iso, suka tsaya a layi, ba wanda ya danna oda, ba wanda ya wuce. Suka fito suka jera a bakin hanya suna sunkuyar da kai wajen kwarin. Sun ɗauka tsayuwar girmamawa ce. Tajima ma cewa ya yi, "Baba, ashe har yanzu ƙafar nan da sauranta!" Hagiwara kuma ya ce abin ya yi kyau ƙwarai, baɗi ma a nan za a tsaya.

Tun da muka dawo Genzo ya daina waƙa, ya koma rabin kwano. Ba za ki yarda ba, amma hakan ya fi kwantar mini da hankali. Yau da safe ina shanya ya zo ya tsaya a bayana, ya sa mini abu a aljihun riga. Ya ce, "Kai shi inda hannuna ba zai kai ba. Yau ina da hankalin ba ki. Gobe ban sani ba."

Shi ne abu mai nauyin da kika ji a cikin ambulan ɗin nan, makullin Zetto. Ki adana shi. In ya kira ki yana raha, yana cewa ya warke, kada ki ba shi. In ni ce na roƙa, ni ma kada ki ba ni.

Na sani, Yaya, bakanike ne, wayoyin wuta biyu sun ishe shi ya ta da mota ba makulli. Amma da hannunsa ya ba ni. Abin da nake da shi ke nan, kuma shi na riƙe.

Ki gaida maigida da yara. In kin samu kifin nan ki ƙara aiko mana, na mutum uku.

Taki har kullum,
Fusae