Ginshiƙin Rana a Ɗakin Saman Coci

Ɗana Lionel,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na ƙamus. Na ji kun iso kalmarmu ta hasken rana mai ratsowa ta taga. Kakanninmu "ginshiƙin rana" suke nufi da ita, don yana tsayawa kamar itacen da ya tokare rufi. Tun ina saurayi na gan ta a tsohon littafin wa'azi na cocinmu, wanda ya girmi duk shaidar da kuke da ita. Ku jira in kwafo muku layin.

Kawunka,
Septimus Rudd

Kawu,

Ina gaisuwa da ladabi. Maigidanmu ba ya karɓar "na taɓa gani", sai layi da shafi, kuma ƙarshen wata za a kai shafin kalmar maɗaba'a. Ka aiko littafin ta gidan waya. Kada ka manta likita ya hana ka hawa bene.

Ɗanka,
Lionel

Lionel,

Na gaishe ka. Ashe birni ya mantar da kai garinku? Littafin ɗaure yake da sarƙa a ɗakin saman coci, kuma ba a shiga ɗakin da kyandir ko fitila, ko bishop ne. Sai dai da hasken rana, don gudun gobara. Ga shi tun shigowar hunturu gajimare bai ɗaga ba. Kullum ina bakin taga, takalmi a ƙafa. Misis Pargeter mai kawo mini miya ta ce, "Tsoho, in ka gangaro daga matakalar nan, tsintsiya zan ɗauko in share ka, ba likita ba."

Ka huta lafiya.
Kawunka

Lionel,

Jiya rana ta fito. Da rarrafe na hau, ina hutawa ina tari. Na buɗe littafin, hasken ya sauko ta taga ya tsaya a kan shafin, ginshiƙi sosai, ƙura na yawo a cikinsa. Shi na gani. Haruffan kuwa ban ga ko ɗaya ba, sai baƙi-baƙi. Na zauna har ya gushe. Ban gaya wa kowa ba, ba ni da wanda zan gaya wa. Ku buga shafinku.

Allah ya yi maka albarka.
Kawunka

Kawu,

Na roƙi maigida, ya ɗaga mini zuwa Litinin. Ina tafe a jirgin ƙasa ranar Asabar. Kai ka san shafin, ni ke da ido. Ka karɓo mabuɗi, amma kada ka taka matakalar nan sai na zo. Allah ya sa rana ta fito.

Ɗanka,
Lionel