Na Duba Komai Ban Da Baba Isa

Daren Juma'a, unguwar Darrasa

Yau ƙungiyarmu ta ɗalibai ta tura ni gidan tsofaffi in ga yadda ake kula da Baba Isa, dattijon nan namu da ba shi da kowa a Alƙahira. Na leƙa banɗaki, na ɗaga zanin gado, har miyarsu na ɗanɗana. Komai tamam. Ina ta titsiye ma'aikaciyar gidan da tambayoyi kamar wani babba.

Zan fita sai Baba Isa ya riƙo hannun rigata.

"Ɗan nan, ba za ka zauna mu gaisa ba? Rabona da jin Hausa tun azumi."

Wallahi a tsaye na gaishe shi da na shiga, kamar sa'ana. Har yanzu kunya ta hana ni barci. Masarawan nan suna yin nasu. Mu ne ba ma zuwa.