Sunan Hajiya

Daren Alhamis, bayan Isha'i.

Yau Hajiya ta ci ni da yaƙi. Na dawo daga kasuwar Mokolo ƙafafuna suna zogi, na tarar ta ƙura wa tele ido, na zauna don in huta kawai. Wai fim ne na wani mai tsire da ya kamu da son aljanar ruwa.

Ƙaryar cikinsa ta yi yawa. Mutum ya bar nama a kan wuta, ya tafi bakin kogi yana ta waƙa, ya dawo bai ƙone ba! Ni da na tsufa a bakin tukuba a nan unguwar Briqueterie, wannan ko yini ɗaya ba zai yi a wurina ba. Aljanar kuma har da agogo a hannu.

Amma da za ta koma ruwa, sai ta roƙe shi ya riƙa kiran sunanta kullum don kada ta shuɗe. Nan idona ya kawo ruwa, na ɗora wa mura laifi.

Hajiya ta juyo ta ce, "Alhaji, ka san sunan duk wanda ya fara sauka a unguwar nan, har da na kakansa. Nawa fa? Tun da aka kawo ni ban ji shi a bakinka ba."

Na ce, "Ke, a ina kika ga ana kiran sunan uwargida?"

"To ka manta ke nan."

Ni in manta? Na gyara hula, na dubi bango, na ce, "Hauwa'u."

Tsohuwar nan ta ja mayafi ta rufe fuska kamar amarya, tana dariya har da tari. Wai ba ta ji ba, in sake.

Na sake.