Fasfon 'Yar Fari

Kara, Bukuru,
Watan Rajab, 2006.

Zuwa ga mijin yayata, Salisu sarkin yawo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da shanun da ka fi so a kanmu. Yaya Legas, yaya sauro? Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama ba dare ba rana. Inna tana gaishe ka. Matarka Adama ma na san tana gaishe ka a zuci, don bakinta ba zai iya ba.

Dalilin takardar nan, 'yarka Fatimatuzzahra ta jawo mana aiki. Ka san tun yaye tana wurin kakarta Inna a Anguwan Rogo, tana zuwa firamaren nan mai shuɗin fenti ta Titin Bauchi. To wai akwai wata gasa ta duniya, ana tara ƙananan yara daga ƙasa-ƙasa a kulle su a ɗaki da lissafi da kimiyya, wanda ya fi a rataya masa ƙarfe a wuya kamar ɗan maraƙi. An yi a Jos ta ci, an yi a Abuja ta ci. Yanzu sai wata ƙasa can gaba da Makka. Ka ji rashin aikin yi: a hau jirgin sama, a wuce Ka'aba ba a sauka ba, don a je a yi jimla.

Ta karanta mini ɗaya daga cikin tambayoyin. Wai tanki ne ana zuba masa ruwa ta sama yana yoyo ta ƙasa, yaushe zai cika? Na ce duk wanda ya ga tanki na yoyo ya tsaya lissafi bai kira mai walda ba, a kai shi a yi masa ruƙiyya. Ta ce, "Kawu, kai ma ai yoyo kake, duk abin da aka zuba maka fita yake." Ka ji tarbiyyar boko.

Shugaban makarantar, Oga Robert, tun ranar yake yawo cikin kwat yana "yarinya na, yarinya na," kamar shi ya raɗa mata suna. Ita kuwa ta sa abin a rai, ko tuwo ba ta ci sai da littafi a cinya. Saura fasfo, an ce dole uwa ko uba su je ofishi da ƙafarsu. Kai kana can ka auri kasuwa, don haka Adama za ta sauko daga ruga.

Na ba Pwajok direban tirela ya kawo maka. Wassalam.

Naka, ƙanin matarka da ya fi ka kyau,
Sa'adu.

Kara, Bukuru,
Watan Sha'aban.

Salisu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da jiki da kasuwa. Mu lafiyarmu ƙalau, amma gidan Inna ba daɗi.

Mun je ofishin fasfo, an yi abin kunya saboda kunya. Ma'aikaciyar, wata Madam Nneamaka, ta nuna yarinyar ta tambayi Adama, wannan wace ce a wurinki? Yayata ta ja mayafi ta ce, "'Yar Inna ce." Aka ce to mene ne sunanta? Ta juya tana kallon bango, can ta ce, "Ku tambaye ta mana, ai tana da baki."

Matar nan ta ajiye biro. Ta ce ba ta taɓa ganin uwar da ba ta san sunan 'yarta ba, kuma ana satar yara a fita da su waje, ita ba za ta sa hannu ba. Oga Robert ya yi ta zuba Turanci har kwat ɗinsa ta jiƙe. Duk lissafin da suke taƙama da shi, cikinsu ba wanda ya lissafa cewa Bafulatana ba ta kama sunan 'yar fari, ba ta ma yarda a gaban mutane cewa ita ta haifa. An ce mu koma Litinin, uwar ta faɗa da bakinta. In ba haka ba makaranta za ta tura yaron da ya zo na biyu, wani Ashraf, wanda ubansa har ya kai ɗinkin kwat.

Inna ta yi lallashi ta yi faɗa. Adama ta ce ita da ta kama sunan a gaban ƙatti masu kaki, gara a yanka ta. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta tattara littattafanta ta cusa ƙarƙashin gado, ta ɗauki tsintsiya tana sharar inda aka riga aka share.

Har gobe ina cewa gasar nan shirme ce. Amma shirmenmu ne, ba zan zuba ido ɗan wani ya ɗauka ba. Wassalam.

Naka,
Sa'adu.

Kara, Bukuru,
Ƙarshen Sha'aban.

Salisu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kumburarren kunci, ina fata naka lafiya.

Ran Litinin mun koma. Aka sake tambaya, Adama ta sake kallon bangonta. Sai na miƙe na gyara hula, na ɗaga murya yadda har masu layi za su ji. Na ce Madam kada ki wahalar da baiwar Allah, gaskiya ta faɗa, ba ita ta haifa ba. A tasha muka tsinci yarinyar nan cikin kwali. Ki duba mana, ina wannan ƙwaƙwalwa za ta fito daga matar da ba ta iya ƙirga kajinta?

Salisu, ban ga tahowar hannun ba, ƙara kawai na ji. Yayata ta shaƙe mini wuyan riga, mayafi a ƙasa. "Ƙarya kake, ɗan banza! Ni na haife ta! A ɗakin Inna na durƙusa, kana waje kana kukan fura! Fatimatuzzahra 'yata ce, kowa ya ji!"

Kowa kuwa ya ji. Madam Nneamaka ta dubi fuskar uwa, ta dubi ta 'ya, ta ɗauki bironta tana dariya. Ni kuma aka zaunar da ni a benci wurin masu kaki har la'asar, wai in yi bayanin kwali.

Fasfo ya fito, tafiya bayan Sallah. Oga Robert yana gaya wa mutane shi ya shawo kan lamarin. Adama ta koma ruga da asuba ba ta yi wa kowa sallama ba, ta ce ba ni ba ita har Lahira.

Ita kuwa sarauniyar lissafi, na ce mata to ki je ki kwaso ƙarfenki. Ba ta rama ba. Sai ta tambaye ni wai da gaske haka sunan yake fitowa a bakin uwarta, don ita ba ta taɓa ji ba.

Saura kai. In za ka ba Pwajok amsa, kada ka rubuto mini "a gai da yarinyar nan." Ka rubuta shi cikakke, ita zan ba ta karanta. In ka ƙi, ina da labarin da zan bayar a kanka a tsakiyar kara. Wassalam.

Naka,
Sa'adu.