Shagon Igiya na Araba Ne

Ni Kobina Essilfie na Takoradi, na rubuta wannan wasiyya ga 'ya'yana da hankalina cikakke, ƙafafu ne kawai suka gaza.

Shekara talatin da takwas ina ɗaure jiragen ruwa a turakun ƙarfen tasharmu, kafin na buɗe shagon igiya. Ku tambayi kowa a bakin teku: jirgin da na ɗaure bai taɓa ɓallewa ba.

Na ɗaya. Shagon na 'yata Araba ne. Kwamena, na san kai ne babba, zai yi maka zafi. Amma ƙanwarka tana warware tufka ta leƙa ciki kafin ta tambayi farashi, kai kuwa farashi kake fara tambaya. Kwale-kwalen kamun kifi biyu naka ne, ka fi kowa iya tafiyar da masunta.

Na biyu. Igiyar da rana ta ci, wadda in an murza take zubar da gari, ko wadda ta yi gashi a inda take lanƙwasawa, kada ta fita daga shagona. Araha ba ta ado, a teku kuma kashewa take yi.

Wata damina jirgin ɗaukar kokon yin cakulan ya iso, iska na kaɗawa. Suka jefo mana igiya, na taɓa na ji ta mutu. Kyaftin ya yi ta zagina daga sama, na ce masa, "Ba zan sa mutanena a ƙarƙashin wannan ba." Aka dakatar da ni mako biyu, aka sa abokina Ebo Quansah ya ɗaure. Kafin la'asar ta tsinke ta tafi da ƙafarsa ta dama. Da na koma aiki babu wanda ya ƙara yi mini gardama, amma na fi son a ce ni ne na yi kuskure.

Na uku. Ebo yana nan Sekondi. Dokunun masara da kifin da nake kai masa kowace Asabar kada su yanke. Ku zauna ku ci tare da shi, ba ya son ci shi kaɗai.

Na huɗu. Ekow, autana, gidan New Takoradi naka ne, da sharaɗi: kai da Kwamena ku daina gabar da kuka fara ranar jana'izar mahaifiyarku. Ku biyu za ku ɗauki gaban akwatin gawata, kafaɗa da kafaɗa.

Allah Ya yi muku albarka, Ya tsare ku a tudu da ruwa. Duk Kirsimeti ku taru a gida ɗaya, ko da wani bai huce ba. Ya zo da fushinsa, a zuba masa abinci.