Kukan Ƙyauren Gidanmu

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da yara. Aikin nan ya kankama. Gidajen tarihi uku na tsohon gari, da kowanne ya tara kayansa barkatai, mun raba musu jigo: ɗaya ruwa, ɗaya kasuwa, ɗaya zaman gida. Albishirinki! Ƙyauren gidanmu, da ke jingine a sito tun da aka rushe layinmu, na samo masa ɗaki a na zaman gida. Ga hotonsa nan.

Ki huta lafiya.
Ƙanenki, Auta

Auta,

Ina amsawa, sannu da ƙoƙari. Hoton dai yara sun gani, sun yaba. Ni na daɗe ina ɓoye maka: idanuna sun tafi tun bara, 'yata ce ke rubuta wannan. Kada ka fara mini kuka, na san halinka.

Abu ɗaya nake roƙo. Ka tura ƙyauren a hankali, ka ɗauko mini kukansa a waya. Ka tuna Inna daga kicin take gane mai shigowa? Baba ya turo, kukan ya yi tsawo. Kai kuwa, sarkin gaggawa, ƙiit ɗaya ka wuce. Shekara ashirin ina nesa, kewar gida ta ishe ni, kuma kunne kaɗai ya rage mini.

A gaida iyali.
Yayarka

Yaya,

Ina gaisuwa. Sati uku ina juya takardarki, na rasa ta inda zan fara. Kafin a kafa ƙyauren, ni da kaina na sa mai gyara ya kankare tsatsar ƙarafunansa, ya zuba musu mai. Har yaba masa na yi. Jiya na tsallake igiyar da muka kewaye shi da ita, na tura shi ya fi sau goma. Shiru, Yaya. Ko a rahoton da na rubuta, shafi sittin, ban kawo zancen sauti ba. Ki yafe mini.

Naki, Auta

Auta,

Gaisuwa. Na yi kukana, na share. Ina nan tafe ƙarshen wata. Ka gaya wa mai gadinku wata makauniya za ta tsallake igiya ta dafa ƙyauren gidan ubanta. Kai kuma ka tsaya daga ciki ka ce, "Wane ne?"

Sai na zo.
Yayarka